Ina ake samun takardun kwamitin Oputa?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubutun digiri na biyu a tarihi kan take haƙƙin ɗan Adam zamanin soja. Rahoton kwamitin Oputa, wato kwamitin da Mai shari'a Oputa ya jagoranta don binciken irin wannan take haƙƙin, dai na sauke shi a intanet, amma ni koke-koken da mutane suka rubuta da hannunsu nake nema, sun haura 10,000 fa, da bayanan shaidu na zaman da kwamitin ya yi a Kano. Na je wani ofis aka ce sai na kawo takarda daga sama, wa zai ba ni takardar kuma ba wanda ya faɗa min. Akwai wanda ya taɓa ganinsu?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ai shi kansa rahoton da ka sauke ba gwamnati ce ta fitar ba. Obasanjo ya kafa kwamitin a 1999, suka miƙa rahoto a 2002, Babangida ya je kotu, a 2003 kotun ƙoli ta ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin kafa irin wannan kwamitin bincike a wajen Abuja, shi ke nan aka fake da hukuncin aka ajiye komai, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka fitar da shi a 2005. To ka ga wanda ya ƙi fitar da rahoto da wuya ya buɗe maka fayil da baki kawai. Ka rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana 7 doka ta ba su su amsa, kuma ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

'Yar Tudun Wada:
Malam gaskiya ne, amma ni ina da ja kaɗan. Cikin koken nan akwai sunan matan da aka wulaƙanta da sunan waɗanda ake zargi, wasu suna raye, 'ya'yansu na tare da mu. A buɗe wa masu bincike, eh, amma a rufe sunaye tukuna.

Ɗan Samaru:
Yaya na yarda, ko rantsuwa aka ce in sa hannu zan sa. Abin da ke ci min rai shi ne tsofaffin da suka ba da shaida suna ta rasuwa, abin da suka faɗa kuma yana kulle.

Malamin Kongo:
Kafin su amsa, shiga motar Kaduna ka je Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi, ka nemi tsofaffin jaridun New Nigerian na 2000 da 2001, 'yan jarida sun bi zaman. Ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku.