Ciwon da Ya Ƙi Tafiya: Shawarwarin Masu Fama da Shi

Ciwo idan ya haura wata 3, likitoci suna ɗaukarsa mai naci. Da wasu masu fama da shi suka tattauna, sun jaddada cewa ko da an ce ƙwaƙwalwa na da hannu a jin ciwon, hakan ba ya nufin ƙarya kake yi. Tun 1965 masana kimiyya Melzack da Wall suka bayyana cewa lakar gadon baya tana iya rage ko ƙara saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma tsoro da damuwa kan ƙara masa ƙarfi.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce raba aiki. Ranar da ka ji sauƙi, kada ka share gida gaba ɗaya, gobe ka kasa tashi. Dakata tun ciwon bai tsayar da kai ba, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Wasu sun yaba shirin natsuwa na mako 8 da wani masani ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya fara a 1979, wasu kuma zama da masanin halayyar ɗan'adam don gyara tunanin "ba zan taɓa warkewa ba". An ambaci numfashi a hankali da barci kan lokaci, aka kuma ja kunnen kowa kada ya daina shan magani ba da sanin likita ba.