Mashahuran da suka rasu tsakanin shekara 74 da 76: su wa za mu sa, kuma yaya ake lissafin?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar matasan unguwarmu a Nima tana shirya gasar kacici-kacici, kuma zagaye ɗaya a kan mashahuran da suka rasu suna tsakanin shekara 74 da 76 ne, daga fannoni daban-daban. Malamai ku taimaka da sunaye. Matsalarmu ita ce Shehu Ibrahim Inyass: wani ya rubuta 74, wani 75, wani ma 77. Wanne ne daidai?

Malamin Aboabo:
Wa'alaikumus salam. Biyu daga ciki daidai ne, ɗaya kuskure. An haifi Shehu a Nuwamba 1900, ya rasu a Landan ran 26 ga Yuli 1975. Mai cewa 75 ya ɗebe 1900 daga 1975 ne kawai ya tsaya. Ba a tsayawa nan. Bayan ka ɗebe shekarar haihuwa daga ta rasuwa, duba watan: in ya rasu kafin ranar haihuwarsa ta zagayo, ka rage ɗaya. Yuli tana zuwa kafin Nuwamba, don haka 74 ne da wata 8.

Mai cewa 77 kuma da Hijiriyya ya ƙirga, daga Rajab 1318 zuwa Rajab 1395. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, ratar wajen kwana 11 kowace shekara. Ke nan shekara 33 ta Hijiriyya tana daidai da kusan 32 ta Miladiyya. In kana son juyawa, raba shekarun Hijiriyya da 33, ka ɗebe abin da ya fita. 77 in an raba da 33 ya ba da 2 da sulusi; ka ɗebe, saura 74 da wata 8. Ka ga sun haɗu.

Ku zaɓi kalanda ɗaya ku faɗe ta a cikin tambayar, in ba haka ba alƙalan gasa za su hana yaro maki alhali yana da gaskiya. Ibnu Khaldun ya isa misali: 732 zuwa 808 na Hijira, shekara 76, yana cikin jerinku. A Miladiyya kuwa Mayu 1332 zuwa Maris 1406, shekara 73, ya fita. Imam Ahmad bin Hambal akasin haka ne: 77 a Hijiriyya, daga 164 zuwa 241, amma 74 a Miladiyya.

Hajiyar Sabon Zango:
Malam ya gama da lissafi, ga sunaye waɗanda ranakunsu tabbatattu ne. A dambe akwai Muhammad Ali, 17 ga Janairu 1942 zuwa 3 ga Yuni 2016, shekara 74. Ya daɗe yana fama da ciwon karkarwa, wanda aka gano masa a 1984. Ku sa shi lallai, domin yaranmu ya kamata su san ya zo Ghana a 1964, 'yan watanni bayan ya doke Sonny Liston, ya gana da Nkrumah, ya je har Kumasi.

A kimiyya, Albert Einstein ya rasu a Afirilu 1955 yana da 76, bayan babbar jijiyar jini ta cikinsa ta fashe. Stephen Hawking ma 76, a Maris 2018. Shi da Ali wata ɗaya aka haife su, kwana 9 ne tsakani. Likitoci sun gano masa ciwon jijiyoyin motsi yana da 21, ya ƙara shekara 55 yana aiki.

Kada jerin ya zama na maza zalla. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ta rasu a Italiya a Nuwamba 2008 tana da 76, zuciyarta ce ta buga bayan ta gama waƙa a dandali. A siyasa, Yasser Arafat, 75, a Faransa, Nuwamba 2004. Tsohon shugaban Ghana Rawlings kam 73 ne, kada a saka shi.

Alhajin Asawase:
Ɗana, kada ku manta da namu na gida. Alhaji Umaru Karaci, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, ya ƙare a Kete-Krachi inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ana ba da 1858 a matsayin shekarar haihuwarsa, wato wajen 76. Mamman Shata ma haka, 1923 zuwa Yuni 1999.

Sai dai mutanen wancan zamani ba a yankar musu takardar haihuwa. Shekara kawai aka riƙe, babu wata babu rana, don haka ƙa'idar rage ɗaya da Malam ya kawo ba ta aiki a kansu. Irin waɗannan kada ku tambayi "shekararsa nawa". Ku tambayi shekarar rasuwa ko garin da aka binne shi, kamar Daura ga Shata, sannan mai gabatarwa ya ce "yana da kimanin 76".