Manhajarmu ta sakamakon ɗalibai tana mutuwa a hannuna, in rufe ne ko in ci gaba?

Auwal_Gwallameji:

Salam jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kod ɗinta yake a fili kowa na iya ɗauka ya gyara. Tun muna ɗalibai ni da abokaina muka haɗa wata ƴar manhaja ta lissafin sakamakon ɗalibai saboda ƙananan makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu a nan Bauchi, malami ya zuba maki ita kuma ta tara ta fitar da na ɗaya da na biyu ta buga katin ƙarshen zango. Muka sa ta kyauta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu. Da farko abin gwanin sha'awa kullum akwai mai turo gyara, to yanzu kowa ya kama gabansa, wani bautar ƙasa ta kai shi kudu ya zauna can, wani ya samu aiki a Abuja, wani aure da hidimar gida, sai ni kaɗai na rage kuma ni ma aikin da nake ci da shi ba ya bari na. Ƙorafe-ƙorafe sun taru ban amsa ba, kuma da wani tsohon samfurin yaren rubuta manhaja, PHP 7.4, muka rubuta ta. Amma makarantu na nan suna amfani da ita, ƙarshen kowane zango wayata ba ta hutawa.

Sannan kwanan nan wani da ban sani ba ya turo gyare-gyare masu kyau gaskiya, yanzu yana cewa in ba shi cikakken iko shi zai riƙe. In ba shi? Ko in rufe kawai in huta? Wallahi abin yana damuna don ba na so in bar malaman nan a rana.

Malam_Bappa_Jekadafari:

Wa alaikumus salam Auwalu. Bari in fara da na ƙarshen don shi ya fi gaggawa, kada ka ba shi. Ba wai na ce mugu ne ba, wataƙila mutumin kirki ne, amma ka karanta abin da ya faru da xz a 2024. Wata ƴar manhajar matse fayil ce da take cikin kusan kowace Linux (babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, irin Windows), mutum ɗaya ne yake riƙe da ita shekara da shekaru ba albashi, ya gaji har ya faɗa a fili cewa ƙarfinsa ya ragu. Sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan yana ta turo gyara mai kyau, wasu kuma suna ta matsa wa mai manhajar lamba wai ya yi jinkiri ya ba wani dama. Kusan shekara 2 Jia Tan ɗin yana haƙuri har aka yarda da shi, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse cikin kwamfutocin mutane a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Allah ne ya sa wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira ssh tana ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono. Ka ga gajiyar mai riƙo ita ce ƙofar da aka shigo ta ciki, kuma halin da kake ciki kenan yanzu. Taka ba ta kai xz ba amma sunayen yaran mutane ne a ciki da lambobin iyayensu. Ka bar shi ya ci gaba da turowa kana dubawa kafin ka haɗa, in ya matsu lasisin manhajar ya ba shi damar kwafa ya buɗe nasa reshen da wani suna, ba sai da makullinka ba.

To batun rufewa. Ni abin da na fi tsoro ba mutuwar manhaja ba ne, manhajar da ta mutu amma masu amfani da ita suna zaton tana da rai. Dubi OpenOffice, manhajar rubuta takardu irin Microsoft Office. Kamfanin Sun Microsystems suka saki kod ɗinta a 2000, kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, masu aikin ba su natsu da sabon mai gida ba suka ɓalle a shekarar suka kafa LibreOffice, Oracle kuma ya miƙa ragowar ga Apache, wata gidauniyar buɗaɗɗun manhajoji, a 2011. Tun fitowa ta 4.1 a 2014 ba wata babbar sabuwa sai ƙananan faci. A 2016 shugaban kwamitinta na lokacin Dennis Hamilton da kansa ya kawo maganar ko a yi mata ritaya saboda ba isassun masu toshe ramukan tsaro, aka yi ta muhawara ba a rufe ba. Har 2020 mutanen LibreOffice suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a riƙa nuna wa mutane hanya zuwa wadda ake kula da ita. Ni nan Gombe na sha ganin kwamfutar shagon buga takardu da OpenOffice a kai, mai shagon bai san komai game da wannan ba, shi dai sunan ya sani.

Saboda haka yau ɗin nan ka buɗe README, wato shafin bayanin manhajar da ake fara gani, ka rubuta gaskiya a layin farko, da Hausa da Turanci, cewa mutum ɗaya ne ya rage, ga abin da zai iya ga abin da ba zai iya ba. Kuma PHP 7.4 an daina mata gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, duk makarantar da ta ɗora abin a intanet a kan haka tana cikin haɗari, ka gaya musu ɓaro-ɓaro.

Malama_Asabe_Azare:

Ƙanena Auwal sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ni ban iya kod ba, malama ce, amma irin mu ne masu kiran naka ƙarshen zango don haka bari in faɗi namu ɓangaren. Kafin irin wannan manhaja da kalkuleta muke kwana muna tara maki, aji mai yara da yawa ga darussa barkatai, kuskure ɗaya sai a sake jerin matsayi tun daga farko iyaye kuma su zo da faɗa. To don Allah in ma rufewar ce kada ta zo mana a tsakiyar zango, ka ba da sanarwa da wuri kuma ka yi mana hanyar fitar da bayananmu zuwa Excel, don abin da ya fi tsorata mu kenan, makin shekaru ya maƙale a inda ba mai iya buɗewa.

Kuma gaskiya mu ba mu san kai kaɗai ba ne, mun ɗauka wani kamfani ne ko ƙungiya. Abin ya zama kamar rijiyar unguwa kowa na ɗiba ba mai tunanin yasa. Akwai aikin da za mu iya ɗauke maka, yawancin tambayoyin da ake maka na tabbata iri ɗaya ne, yadda ake ƙara darasi, me ya sa firinta ta yanke gefen kati. Ka buɗe mana zaure a WhatsApp, mu da muka daɗe da ita mu riƙa amsa wa sababbi, ni zan iya rubuta bayanin amfani da Hausa in ka duba min.

Sadiq_Pantami:

Malam Bappa ranka ya daɗe na yarda da maganar makulli ɗari bisa ɗari amma ni ina ga an tsallake asalin ciwon, kuɗi ne. Abokan Auwal ba ƙin aikin suka yi ba, data ake saya da kuɗi, man janareta da kuɗi, mutum ya dawo daga aiki a gajiye ba wuta sannan a ce ya zauna gyaran abin da ba ko sisi. Ko a Turai haka ne, OpenSSL, manhajar tsare sirrin bayanai da rabin intanet ke dogaro da ita, mutane ƙalilan ne suke riƙe da ita da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba, sai da wata ɓarakar tsaro a cikinta mai suna Heartbleed ta fito a 2014 sannan manyan kamfanoni suka tara kuɗi ta hannun gidauniyar Linux Foundation. Makarantun nan suna karɓar kuɗin makaranta ai. Kod ya zauna kyauta yadda yake, amma wanda yake so a ɗaga masa waya ranar rufe zango ya biya wani abu duk zango, ba haramun ba ne kuma ko GPL, sanannen lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, bai hana ba, Red Hat masu harkar Linux da haka suka gina kamfaninsu. Da kuɗin sai ka ɗauki yaro ɗaya mai ƙwazo ka riƙa ba shi na data. Ga ɗaliban kwamfuta nan a jami'ar ATBU da Federal Poly na Bauchi da jami'ar jihar Gombe duk shekara suna neman inda za su yi SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, da abin da za su yi furojet a kai.

Malam_Bappa_Jekadafari:

Sadiq maganarka tana kan hanya, sai dai ɗalibin furojet yana karɓar makinsa yake tafiya, kuma koya masa ma aiki ne a kan Auwalu na wata da watanni. In za a ɗauka a ɗauki wanda aka san gidansu aka san malaminsa, a fara ba shi ƙananan gyara. Kuma da zarar ka karɓi kuɗi to alkawari ya hau kanka, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, bayanan yara ba abin wasa ba ne. Ka sa wa kanka wa'adi Auwalu, zango biyu misali, in ba a samu mutum na biyu da zai iya duba kod ba ka danna maɓallin archive na GitHub, wato na jingine aiki, kod ɗin zai zauna kowa na iya karantawa da kwafa amma kowa ya san an tsaya. Apache ma suna da inda suke ajiye ayyukan da suka ƙare, Attic suke ce masa, ba abin kunya ba ne.

Auwal_Gwallameji:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti Asabe, Sadiq kai ma. Na rubuta wa mutumin cewa ya ci gaba da turowa amma iko yana hannuna tukuna. README zan gyara daren nan in wuta ta zo, sannan fitar da bayanai zuwa Excel shi zan sa a gaba kafin komai, daga nan ɗaga PHP ɗin zuwa sabo. Maganar kuɗin ce har yanzu take min nauyi musamman Islamiyyu da na san yadda suke fama, ina tunanin su a bar su kyauta a tambayi masu zaman kansu kawai. Anti ki turo min lambarki ta akwatin sirri mu buɗe zauren kafin jarrabawar wannan zangon ta fara.