Neman shawara: ina zan samo fayil ɗin SG3525 na gwaji a LTspice?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a nan Kaura Namoda, ina haɗa inbata ta sola mai 12V zuwa 220V a matsayin aikin kammala karatu. Malamin da ke duba aikin ya ce sai ya ga da'irar tana aiki a kwamfuta kafin in sayi kaya. Na sa LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, tunda kyauta ce, amma babu SG3525 a ciki (IC ɗin da ke sarrafa inbatar), babu IRF3205 (MOSFET, wato transista mai kunna wuta da kashewa). Na samo wani fayil na SG3525 a intanet, da na saka sai kuskure yake ta fitowa. Lokaci yana ƙurewa, don Allah a taimaka.

Amsa ta farko, daga Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanena. LTspice ta kamfanin Analog Devices ce, kayansu ne suka fi yawa a ciki. Na IRF3205 ka nema wajen Infineon, su suka sayi International Rectifier a 2015. Ka buɗe fayil ɗin a LTspice, ka nemi layin da ya fara da .subckt, ka danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Create Symbol. Sai dai ka kula da jerin ƙafafu. Yadda aka jera su a wancan layin ba lallai ya yi daidai da lambobin jikin IC ba, kuma nan ne yawancin yara ke faɗawa.

Amsa ta biyu, daga Birnin Kebbi:
Wanda ya ƙi buɗuwa, duba shi da Notepad. In ka ga haruffa barkatai, kulle shi aka yi don wata manhaja, kar ka ɓata lokacinka.

Amsa ta uku, mai gyaran inbata a Talata Mafara:
Ɗana, ni shawarata ka bar neman SG3525 ɗin nan. Me yake yi? Bugu biyu yake fitarwa a ƙafa ta 11 da ta 14, ɗaya bayan ɗaya. A madadinsa ka sa tushen wuta guda biyu na PULSE a LTspice, kowanne zagayensa 20ms, a kunne 9.5ms, na biyun ka jinkirta shi da 10ms. Ka sami 50Hz ɗinka, har da ɗan hutun da ke hana MOSFET biyu kunnuwa tare su ƙone. Abin da ya cancanci gwaji shi ne zafin MOSFET da taransifoma. In ka zo haɗawa da hannu, ka tuna oscillator ɗin SG3525, wato mai ƙayyade saurin bugunsa, 100Hz za ka saita, don raba shi biyu yake yi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Baba. To malamin zai yarda kuwa, IC ɗin ba ya cikin zanen?

Amsa ta uku kuma:
Ka kai masa datasheet, wato takardar bayanin IC ɗin, ka nuna masa lissafin RT da CT da RD da ka yi, wato resistor biyu da capacitor ɗin da ke saita saurin bugun da hutunsa. Amma ka tambaye shi tun yau kafin ka ci gaba.