Dan Allah wa ya gane yadda ake tace saƙonnin imel? Na gaskiya na tafiya Spam, na banza na shigowa

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku taimaka min da bayani abin nan ya dame ni. Na nemi aiki a wani waje suka ce za su turo gayyatar intabiyu ta imel, na yi ta jira shiru, da na kira suka ce ai sun turo tuni, sai ƙanina ne ya karɓi wayar ya shiga wata folda wai Spam ya ganshi a can kwance, Allah ya taimaka ranar ba ta wuce ba. Amma kuma kullum saƙon talla da masu cewa na ci kyauta suna shigowa gaba-gaba ba mai tare su. To wai waye ke zaɓa? Sannan wani a shagon kwamfuta ya ce min duk abin da ke Spam bairos ne kar na buɗe, wai na sauke wata manhaja a waya za ta gyara. Ni dai in ana kashe abin gaba ɗaya ku nuna min na kashe na huta.

Dan_Zazzau:
Wa alaikumussalam Hajiya. Kar ki sauke komai, tacewar ba a wayarki ake yinta ba, a can kwamfutocin kamfanin imel ɗin ake yi tun kafin saƙon ya iso gare ki, don haka manhajar waya ba abin da za ta canza sai cin data, wasu ma kalmar sirrinki suke nema. Kuma ba mutum ke zaune yana karantawa ba, manhaja ce ke kintace, tana duba daga ina saƙon ya fito, mutum nawa aka tura wa iri ɗaya, akwai linkin da ake zargi a ciki ko babu, sannan mutane nawa suka taɓa kai ƙarar wannan adireshin. Kamar rariya ce, wani lokaci tsaki ya wuce, wani lokaci ta riƙe gari mai kyau.

Ba ki faɗi wanne kike amfani da shi ba amma in Gmail ne ki buɗe saƙon ki danna inda aka rubuta Not spam zai koma akwatin gaba, kuma da wannan dannawar ne take koyon cewa kina son saƙon mutanen nan. Ki sa adireshinsu cikin lambobinki ma yana taimakawa. Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne duk abin da ya yi kwana 30 a Spam goge shi ake yi, to mai jiran saƙon aiki ko na makaranta ya riƙa leƙawa ko da sau biyu ne a sati.

Maman_Walid:
Yar uwa dan Allah ki bar maganar kashewa. Wlh da za ki ga abin da ake tare miki da ba ki ce haka ba, yawanci yan damfara ne masu cewa an rufe akawun ɗinki na banki ki turo BVN ko lambar katin ATM, akwai wata maƙwabciyarmu da ta cike irin wannan fom ɗin har yau tana kukan kuɗinta. Buɗe saƙo ki karanta shi kaɗai ba shi ne matsalar ba, danna linki da sauke fayil ɗin da aka liƙa su ne hatsarin. Ki dinga duba ainihin adireshin da ya turo ba sunan da ya bayyana a sama ba don suna kowa na iya rubuta wanda ya ga dama.

Su kuma na tallan, in waje ne da kika taɓa yin rajista da kanki ki danna Unsubscribe don su daina turo miki, in ba ki san su ba sam ki kai ƙararsu da Report spam.

Baffa_Kwamfuta:
Duk abin da suka faɗa haka ne, sai dai ni ina ganin sau da yawa matsalar daga wajen masu turowa take. Ina kula da imel ɗin wata ƙaramar ƙungiya shi ya sa na sani. Akwai wasu saituna da ake kira SPF da DKIM, su ne shaidar cewa saƙon da gaske daga gidan da ya ce ya fito ne, ƙananan kamfanoni da yawa sai su buɗe imel da sunansu ba su saita waɗannan ba, sannan su tura wa mutum ɗari saƙo ɗaya lokaci guda, ai dole a zarge su. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, musamman kan masu tura saƙo da yawa, a wajen Google 5,000 zuwa sama a rana. To ki gaya wa mutanen nan saƙonsu Spam yake faɗawa, ƙila ba ke kaɗai ba ce kuma wani ya rasa aikin a kan haka.

In kina so ki tabbatar, a Gmail ana yin ƙa'ida ta musamman ki sa adireshinsu ki zaɓi Never send it to Spam, amma a kwamfuta ake yi, manhajar waya ba ta da wajen. Ki duba Promotions ma, wato sashen talla na Gmail, saƙo na ɓuya a can. Sai kuma maganar wajen ajiya, 15GB ɗin kyauta na Gmail haɗe yake da Google Drive, wato ma'ajiyar fayil, da hotuna, in ya cika sabon saƙo ba ya shigowa ko'ina.

Ummu_Safiyya:
Allah ya saka muku da alheri, na danna Not spam ɗin ya dawo. Baffa to waɗanda suka wuce kwana 30 fa? akwai wata makaranta da nake jiran amsarsu tun kafin azumi yanzu hankalina ya tashi.

Baffa_Kwamfuta:
Ki fara rubuta in:anywhere a wajen bincike sai ki bi shi da sunan makarantar, zai duba ko'ina har Spam da kwandon shara. In bai fito ba to ki ɗauka ya tafi, ki kira su gobe da safe ki roƙi su sake turowa, kuma ki tsaya a kan layi har ki ga ya shigo kafin ki kashe wayar.