Bindiga mai liba don farautar barewa: wacce ce mai sauƙin kuɗi da ba za a yi da-na-sani ba?

Sabon Maharbi

Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema kan bindiga mai liba, irin wadda ake ɗanawa da ƙarfen nan da ya zagaye kunama. Farautar barewa ce a daji mai sarƙaƙiya, inda da wuya harbi ya wuce yadi 120. Lasisi da izinin farauta suna hannu, kuɗin ne dai ba su taka kara sun karya ba. Sunayen da nake ta cin karo da su: Marlin 336, Winchester 94, Henry da Rossi. In sayi sabuwa mai araha ne ko ta hannu mai suna? Sannan wane harsashi, .30-30 ko .357 ko .45-70? Ina so in ɗora mata madubin saiti, don idona ba ya kama saitin ƙarfe da duku-duku.

Sarkin Baka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da harsashi kafin bindiga. Bindiga sau ɗaya ake biyan kuɗinta, harsashi kuwa kullum ne.

Ga irin dajin da ka faɗa, .30-30 ne. Tun 1895 ake harbin barewa da shi, kuma kusan duk kamfanin da ke yin harsashi yana yin sa, shi ya sa bai cika tsada ko ɓacewa a kasuwa ba. Nauyi biyu aka fi samu: mai giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wanda ake rubuta wa gudun ƙafa 2,390 a daƙiƙa, da mai giren 170 mai gudun ƙafa 2,200. Waɗannan alƙaluman daga bututu mai inci 24 ake auna su. A bindiga mai inci 20 sai ka rage kamar ƙafa ɗari. In ka daidaita saiti a yadi 100, mai giren 150 zai sauka ƙasa da wurin inci 7 zuwa 8 a yadi 200. A tazararka wannan ba abin damuwa ba ne.

.45-70 ka bar shi. Na manyan namun daji ne, harsashinsa na da tsada, kuma shurinsa a kafaɗa yana koya wa sabon maharbi runtse ido kafin ya ja kunama, al'adar da ke da wuyar bari. .35 Remington na da kyau a daji, amma sai ka yi yawo kafin ka same shi.

Maganar madubi ita ta raba gardama tsakanin Marlin da Winchester. Winchester 94, ƙirar John Browning, ta sama take tofar da kwanso, daidai inda madubi zai zauna. Sai a farkon shekarun 1980 aka fito da mai harafin AE, wadda ke jefa kwanso a karkace. Marlin 336 kuwa tun fitowarta a 1948 ta gefen dama take fitarwa, samanta a rufe yake, kuma mafi yawansu sun zo da ramukan notin ɗaura madubi daga masana'anta. Tana da ɗan nauyi, wurin kilo 3 da 'yan kai, tana ɗaukar harsashi 6 a bututun ajiya.

In kuɗi ne matsala, nemi 336 ta hannu, ko 'yan uwanta marasa ado: Glenfield 30, 30AS, 336W. Cikinsu ɗaya ne da 336. Katakon ne mai araha, kuma barewa ba ta duba katako.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: a bututun ajiya harsasai jere suke, hancin na baya yana tokare da hular na gaba, wato abin da ke gindin kwanso mai tayar da albarushi. Harsashi mai tsinin ƙarfe zai iya tayar da na gabansa idan bindiga ta yi shuri. Mai faffaɗan baki ko mai zagayayyen baki kaɗai ake zubawa, sai ko mai tsinin roba mai laushi irin LEVERevolution na Hornady, wanda aka yi musamman don wannan.

Maƙerin Bindiga

Sarkin Baka ya faɗi gaskiya, ranka ya daɗe. Sai dai "ta hannu" kalma ce mai faɗi. Malam, ga abin da za ka duba kafin kuɗi su bar aljihunka. Je da ƙaramar tocila da harsasan gwaji guda uku ko huɗu, marasa albarushi da hula.

Da farko buɗe liba, leƙa ɗakin harsashi, leƙa bakin bututun ajiya har ka ga kan abin da ke turo harsashi. Harsashi yakan maƙale a can ciki in sifirin ya yi tsatsa, sai a zaci bindiga babu komai.

Sai bakin bututu. Wannan shi ne wurin da aka fi cutar masu saye. Winchester 94 ba ta da sauƙin gogewa ta baya, don haka masu ita sukan cusa sandar goge ta gaba shekara da shekaru, sandar tana cin gefen baki. Idan tsagar cikin bututu ta shafe a rabin incin ƙarshe, ko bakin ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, harsashi zai riƙa fita a karkace komai kyan saitinka. Maƙeri zai iya yanke baki ya sake gyara shi, amma ka cire kuɗin aikin daga farashi. Haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. Duhu da 'yan ramuka a ciki tsatsa ce ta ci ƙarfe. A Marlin kada ƙananan tsagogi masu yawa su firgita ka, haka aka yi su, sunan tsarin Micro-Groove, kuma yana harba harsashi mai rigar tagulla lafiya lau. Mai zuba na dalma zalla ne kawai ke buƙatar wanda ya ɗan fi kauri.

Gwada hama, wato ƙarfen baya da ke faɗawa idan an ja kunama, bindiga babu harsashi. Ja ta baya zuwa tsayawar farko, ta rabi, ka matsa kunama da ƙarfi matsakaici. Bai kamata ta faɗi ba. Ja ta har ƙarshe ka tura ta gaba da babban yatsa ba tare da taɓa kunama ba. In ta zame, wani ya goge haƙoran ciki don ya sassauta kunama, kuma wannan bindiga ce da ke iya tashi da kanta. Ajiye ta. Tsofaffin 336 ba su da maɓallin kariya na gefe, a farkon shekarun 1980 aka ƙara shi, saboda haka tsayawar rabin nan ita ce kariyarsu.

Yanzu zuba harsasan gwaji ka juya liba, a hankali sau ɗaya, da sauri sau ɗaya. Akwai ciwon da aka san Marlin masu yawan aiki da shi. Kan liba yana da kaifin gefe da ke goga ƙarƙashin cokalin da ke ɗaga harsashi. Da tafiya ta yi tafiya sai ya yi masa tsaga, cokalin ya zauna ƙasa da inda ya kamata, harsashi na biyu ya biyo na farko, komai ya cije, liba ta ƙi gaba ta ƙi baya. Maganinsa sabon cokali, da ɗan dasashe kaifin nan. Amma kafin ka zargi cokali duba notin ƙofar zuba harsashi da ke gefen dama. In ya kwance, ƙofar kan lanƙwasa ciki ta tare hanya, alamar iri ɗaya ce, gyaran kuwa juyi biyu ne na sukundireba.

Katako: duba wuyan gindi, daidai bayan ƙarfe, nan yake tsagewa. Notin da aka lalata wa kai yana nuna wanda bai san aiki ba ya shiga cikinta. In mai ita yana da kwanson da aka harba, karɓa ka shafa gindinsa. Hula da ta turo waje, ko zobe mai haske kusa da gindin kwanso, alama ce sakata, ƙarfen da ke rufe ɗakin harsashi ta baya, ba ta matse harsashi yadda ya kamata. Bindiga mai liba irin waɗannan ta baya sakatarta ke kullewa, don haka sai maƙeri ya auna da ma'auni.

Shekarar ƙira ma tana da sauƙin ganewa a Marlin na tsakanin 1973 da ƙarshen shekarun 1990: cire lambobi biyun farko na lambar jikinta daga 100. Mai farawa da 22 ta 1978 ce. Hatimin JM a gindin bututu na tsohuwar masana'antar Connecticut ne. Remington ta sayi kamfanin, aka rufe wannan masana'anta da ke North Haven a 2011 aka kwashe injuna, kuma bindigogin shekarun ƙaura su ne masu saye suka fi bincika: ko saitin gaba ya karkace, ko katako bai haɗu da ƙarfe ba. Ruger ta karɓi Marlin a 2020, sababbin da take yi suna da kyau, amma sun fita daga sahun masu araha.

Mai Saiti

Ni ina da ɗan ja da manyana. Kasuwar ta hannu ba kamar da take ba. Masu tara tsofaffin bindigogi sun ɗaga kuɗin mai hatimin JM da Winchester ta kafin 1964, har wani lokaci ta hannu takan kamo sabuwa. Kada ka biya kuɗin tarihi alhali farauta za ka.

A sababbi, Rossi ta Burazil ce ƙasa a farashi. R95 ɗinsu, wadda ta fito a 2023, tana cin .30-30, tana fitar da kwanso ta gefe, kuma tana karɓar madubi. R92 kwaikwayon Winchester 1892 ce, mara nauyi, tana zuwa a .357 da .44 Magnum, amma ta sama take tofarwa, ba ta dace da buƙatarka ba sai in za ka ɗora madubi mai nisan ido a kan bututu. Henry tana tsakiya. Tsofaffin samfurinta ta gaban bututun ajiya ake zuba musu harsashi, daga 2019 aka fara ƙara ƙofar gefe. Mai duka biyun tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: in an tashi daga farauta sai ka zare sandar bututu ka juye harsasai, ba sai ka bi da kowanne ta ɗakin harsashi kana juya liba ba. Harbin kuskure da irin wannan bindiga yakan faru a lokacin sauke harsashi.

Game da .357, kada a raina shi. A dogon bututu mai giren 158 yana kai ƙafa 1,700 zuwa 1,800 a daƙiƙa, kuma bindigar tana cin .38 Special mai arha don atisaye. Sai dai iyakarsa a kan barewa yadi 75 zuwa 100 ce. Tunda ka ce 120, Sarkin Baka ya fi ni hujja.

Ka kuma karanta dokar inda za ka yi farautar kafin ka zaɓa. A Amurka, jihar Ohio harsashi mai miƙaƙƙen kwanso kaɗai ta yarda a harbi barewa da shi a bindiga irin wannan, .30-30 kuwa kwansonsa mai wuya ne kamar kwalba, bai shiga ba. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, sai wanda ba shi da dalma, kamar na tagulla zalla.

Sabon Maharbi

Allah ya saka da alheri. Na karkata ga 336 ta hannu in na samu lafiyayya, in ba haka ba R95. Wane madubi ya dace, kuma yaya zan daidaita shi?

Maƙerin Bindiga

Ƙarami, Malam. Mai ƙara girman abu sau 1-4 ko 2-7, da zobban ɗauri mafi gajarta da za su bar hama ta wuce. Gindin waɗannan bindigogi don saitin ƙarfe aka sassaƙa shi, in madubi ya yi sama kuncinka zai bar katako, kanka ya riƙa lilo. Zobban nan masu rami a ƙasa, da ake cewa za ka ga saitin ƙarfe ta cikinsu, su suka fi jawo wannan. Sayi ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa hama ya leƙo gefe, don babban yatsa ya samu wurin kamawa a ƙarƙashin madubi, ka sa wa notinsa maganin hana kwancewa.

Wajen daidaitawa fara a yadi 25 har ka hau takarda, sannan ka koma 100. Sa harsashi ya faɗa inci 2 sama da tsakiya a yadi 100, zai dawo daidai a wajen 150, ka ga daga nan zuwa iyakarka tsakiyar ƙirji kawai za ka nufa. Harba uku, ka bar bututu ya huce minti biyar. Bututun ajiya a ɗaure yake da na harbi da zoben ƙarfe, in zafi ya hau sai su riƙa jan juna, ramuka su jeru daga ƙasa zuwa sama. Haka ma in an matse notin zoben fiye da kima, ko an ɗora katakon gaba kan abu mai tauri. Sa tafin hannunka tsakanin katako da buhun yashi. Uku cikin inci 2 zuwa 3 ya wadatar, muhallin huhu da zuciyar barewa ya kai inci 8. Sayi akwati ɗaya na giren 150 da ɗaya na 170 ka gwada, kowace bindiga da wanda ta fi so.

Juya liba da ƙarfi, har ƙarshe gaba, har ƙarshe baya, gindi na kafaɗa. Mai lallaɓa ta ya tsaya a rabi shi ke haddasa cijewa, don cokali bai gama tashi ba.

Gogewa ta baya ake yi wa 336. Tabbatar babu harsashi, ja hama baya, buɗe liba rabi, kwance notin da ke riƙe ta, zare ta ƙasa, sannan ka jawo sakata ta baya. Ɗan ƙarfen da ke tofar da kwanso yana kwance a bangon hagu, ba abin da ke riƙe shi sai sakatar, zai faɗo, kuma ƙarami ne, yi aikin a kan farin ƙyalle. Wajen mayarwa shi ke fara shiga, ɗan ƙusarsa cikin raminta, sai sakata zuwa rabi, sai liba. Mai ɗigo biyu a gefen sakata da mahaɗar liba ya isa. Bututun ajiya kuwa a bushe ake barinsa, mai a ciki ƙura yake tarawa har sifirin ya daina turo harsashi.