Wai mi za mu kira madabod da Hausa?

Jama'a ina neman taimakonku. Yara ukku nike koya ma gyaran kwamfuta a shagonmu nan Gusau, na zauna in rubuta musu yadda ake gwada madabod na hannu, wato babban farantin nan na cikin kwamfuta da ake jona sauran kaya gare shi, ba tare da an yi ɓarna ba, sai na tsaya cak wurin sunan. Ƙaraminsu kullum madabo yake cewa, kuma bai san mi kalmar ke nufi ba.

Ga irin abin da nike son rubutawa. Jiya anka kawo man guda daga Ƙaura, mai shi bai ma san ko yana aiki ba. Ban sa shi cikin akwati ba, bisa kwali na aza shi, kuma sai da na taɓa ƙarfen ƙofa tukuna saboda wutar nan da jiki ke tarawa da hunturu, wadda ke ɗan jan ka in ka taɓa mota, tana iya lahanta shi. Na haska tocila na bi kafasito, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe caji, ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda kanshi ya kumbura, na shinshina ko akwai ƙauri, na duba ƙananan alluran mazaunin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko sun lanƙwashe. Sannan mitar auna wuta, na maida ta wurin da take ƙara in hanyar wuta ta haɗe, na aza tsinke guda a fil na bolt 12 na soket mai fil 8, guda a fil na girawun, wato nagetif. Ta ɗan yi ƙara ta yi shiru ba komai ba ne, amma in ta riƙe ba ta saki ba to akwai shot, wato hanyoyin wutar biyu sun haɗe, kada ka kuskura ka ba shi wuta.

Wanga ya tsallake. Na sa mai tsohon furosesa da fankarshi, RAM, wato memori, guda ɗaya, na jona wayoyin wuta mai fil 24 da mai fil 8, na haɗa fil biyu na makunni da bakin sukundireba, fanka ta juya hoto ya fito. Dan Allah kada ku yi gwajin farko da kayanku masu tsada, lalatacce yana iya tafiya da su.

To sunan fa. Wani malamin makaranta da munka yi magana ya ce uwar allo. Malam na gode, amma allo ya yi yawa, sikirin allo ne, na aji allo ne, in na ce ma yaro ɗauko uwar allo monita zai kinkimo man. Babban faifai ma haka, faifai ya riga ya tafi ga sidi. Wani ya ce a bar shi bod kawai tunda kowa na ganewa, gaskiya ne a kasuwa, amma ba ya nuna ma sabon shiga aikin abin.

Ni dai zuciyata ta kwanta da uwar inji. Muna da uwar kuɗi, muna da uwar garke, kuma masu gyaran waya dama inji suke ce ma na cikin waya. Komai ga jikinta yake rataye, ita ke raba musu wuta. Da safe na gwada, na ce ma ƙaramin cire batirin uwar inji ka auna man, bai tambaye ni komai ba ya ɓanɓaro shi, mita ta nuna bolt 3.

In babu mai wanda ya fi shi, shi zan rubuta. Saura kafasito, wa ke da suna?